Gishirin Teku Da Tsatsa: Yadda Ake Kare Fentin Mota Da Na Jirgin Ruwa

Kowace rana ta Allah manyan motoci suna tashi daga Arewa zuwa bakin teku. Wasu suna ɗauke da shanu daga Potiskum da Maigatari da Illela. Wasu suna ɗauke da albasar Aliero ko tumatirin Kura zuwa kasuwar Mile 12 a Legas. Tankoki suna zuwa Apapa ɗaukar mai. Direbobin Nijar sun daɗe suna zirga-zirga zuwa Lome da Kwatano, na Chadi kuma zuwa Duwala. Akwai Hausawa da yawa da ke zaune a waɗannan garuruwa suna neman abinci da mota ko babur ko kwale-kwale.

Dukansu akwai abin da ke cin dukiyarsu a ɓoye, wato tsatsa. Motar da za ta shekara da shekaru a Katsina jikinta garau, idan ta koma bakin teku ba kulawa, nan da nan sai fenti ya dushe, ƙarfe ya fara ɓulewa. Mota ko jirgi kuwa jari ne babba. Wani gona ya sayar, wani shanu, wani kuma bashi ya ci kafin ya mallaka. Saboda haka ya kamata kowa ya san abin da ke kawo wannan ɓarna, da hanyar tsare ta, da kuma yadda ake gyara idan ta riga ta auku.

Me ke kawo tsatsa?

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe da ruwa da iska. Idan aka raba ƙarfe da ruwa da iska, ba zai yi tsatsa ba. Wannan shi ne babban aikin fenti. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne kawai, alhali kuwa fenti riga ce da ke tsare ƙarfe.

Gishiri shi ne ke ƙara wa tsatsa sauri. A cikin kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35, wato wajen cokali biyu na cin abinci. Idan igiyar ruwa ta bugi gaɓa, sai ta watsa 'yan ƙananan ɗigo a cikin iska. Iska ta kwashe su ta kai cikin gari, ta sauke a kan motoci da kwanon rufi da ƙyamaren ƙarfe. Gishirin ya fi yawa dab da gaɓa, yana raguwa yayin da ake nisa da ita.

Halin gishiri ne jawo danshi. Kowace uwargida ta san yadda gishirin miya yake jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Haka yake yi a jikin mota. A Legas da Fatakwal da Kalaba iska cike take da laima kusan duk shekara, ruwan sama kuma ya ninka na Kano ko ma fiye. Don haka gishirin da ya kwanta a jikin ƙarfe ba ya barin wurin ya bushe, dare da rana yana aiki.

Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma. Idan ta fara a ƙarƙashin fenti sai ta kumbura, ta ɗaga fentin kamar bororon ƙuna. Fentin ya fashe, ruwa ya ƙara samun hanya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan ƙarcen da bai kai ƙwayar gero ba ya isa ya zama ƙofar tsatsa.

Yadda fentin mota yake

Fentin da aka yi wa mota a masana'anta hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ne mai kama ƙarfe ya hana tsatsa. Sai na biyu mai daidaita fuska. Sai mai launi. A sama kuma akwai wani garai-garai kamar gilashi, shi ne mai sheƙi. Duk hawan nan idan aka haɗa su, kaurinsu bai wuce na fallen takarda ɗaya ko biyu ba. Ke nan ba abin da za a riƙa dirzawa da ƙarfi ba ne.

Rana ma tana da tata ɓarnar. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda yake dafa fenti a hankali. Shi ya sa rufin mota da murfin inji suke riga sauran jiki dushewa. Jan fenti da baƙi su suka fi nuna wannan. Idan aka shafa hannu a jikin tsohuwar mota aka ga gari kamar alli, to rana ta cinye saman fentin.

Bayan gishiri da rana akwai kashin tsuntsaye, da ƙaron itace, da man birki, da ruwan batir. Man birki yana narkar da fenti cikin ɗan lokaci. Duk inda ɗayansu ya zuba, a wanke nan take da ruwa mai yawa.

Wanki shi ne matakin farko

Babu maganin gishiri kamar ruwan daɗi, wato na famfo ko na rijiyar da ba ta da zartsi. Motar da ke zaune a bakin teku tana son wanki aƙalla sau ɗaya a mako. Wadda ta je ta dawo, a wanke ta da zarar ta iso gida. Kada a wanke mota da ruwan teku ko na tafkin Legas, domin shi ma yana da gishiri, musamman da rani.

Ga yadda ake wankin:

1. A ajiye motar a inuwa, a bari jikinta ya huce.

2. A fara kwara ruwa zalla daga sama zuwa ƙasa, don yashi da ƙura su sauka. Goge busasshiyar ƙura da tsumma daidai yake da dirza fenti da samfefa. Wannan ya shafi Arewa ma, musamman lokacin hunturu.

3. A yi amfani da soso mai laushi da sabulun wankin mota. Garin sabulun wankin tufafi yana da kaifi, yana cire man da ke tsare fenti.

4. A tanadi bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Tsumman taya daban, na jiki daban.

5. A wanke ƙarƙashin motar da saman tayoyi sosai. Nan ne laka take maƙalewa ta riƙe gishiri da danshi, kuma nan ne ido ba ya kaiwa.

6. A ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi, kada a bar ruwa ya bushe da kansa.

A ƙasan kowace ƙofar mota akwai 'yan ramuka da aka yi don ruwa ya fita. Idan laka ta toshe su, ruwa zai kwanta a ciki, ƙofar ta ruɓe daga ciki zuwa waje. A riƙa buɗe su da tsinke. A kuma ɗaga shimfiɗar ƙasan mota a duba. Jiƙaƙƙen kafet yana cinye daɓen mota ba tare da mai ita ya sani ba.

Bayan wanki, a shafa man goge mota mai kaki, kamar sau ɗaya a wata uku. Hanyar gane ko yana nan da sauƙi take. A watsa ruwa a murfin inji. Idan ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya yana gangarewa, man yana nan. Idan ya baje ya kwanta, lokacin sake shafawa ya yi.

Wanda zai rufe mota da tamfol, sai ya tabbata ta bushe kuma tana da tsabta. Tamfol a kan jiƙaƙƙiyar mota yana kulle danshi, iska kuma tana kaɗa shi ya goge fenti. Rumfar da iska ke ratsawa ta fi.

Manyan motoci da babura

Motar shanu tana da ƙarin matsala. Fitsari da kashin dabbobi suna cin ƙarfe. Haka takin zamani da gishiri da kanwa da ruwan ruɓaɓɓen tumatir. Direba da yaron mota su share bodi su wanke shi bayan kowane sauke kaya. Idan daɓen katako ne, a duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsa da notocin da suka riƙe shi.

Ƙashin mota, wato shasi, shi ne ke ɗauke da dukan lodi. Idan tsatsa ta cinye shi, yana iya karyewa a kan hanya. Haka bututun man birki, wanda siririn ƙarfe ne da ke bi ta ƙarƙashin mota. Tsatsa tana iya huda shi, mai ya tsiyaye, birki ya ƙi kamawa. A nan maganar ta wuce asarar kuɗi, ta zama ta rai. A sa makaniki ya shiga ƙarƙashi ya duba aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta.

Wasu suna fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota. Yana ɗan tare ruwa, amma yana lalata robobi, yana tara ƙura, yana kuma gurɓata ƙasa da rijiyoyi. Idan ya taɓa birki kuwa haɗari ne. Akwai baƙin fenti mai kauri da man kaki da aka yi musamman don ƙarƙashin mota. Sai dai a kankare tsatsa tukuna, wurin ya bushe, kafin a shafa. Idan aka rufe tsatsa da danshi a ciki, za su ci gaba da aiki a ɓoye.

Mai babur ya kula da sarƙa da wayoyin taya da salansa da ƙasan tanki. A wanke, a tsane, a sa wa sarƙa mai, a shafa giris a kan notoci da kan batir.

Idan fenti ya riga ya lalace

Gyara ya danganta da zurfin ciwon. Idan dushewa ce kawai, ana iya dawo da sheƙi da man gogewa mai ɗan kaushi. A wanke motar, a shafa kaɗan-kaɗan da tsumma mai laushi, a goge, sannan a bi da mai kaki. Kada a yawaita, domin kowace gogewa tana rage kaurin fentin. Idan hawan sama ya fara ɓarewa kamar saɓar maciji, gogewa ba za ta yi magani ba, sai sabon fenti.

Ana gwada ƙarce da farce. Idan farce bai maƙale a ciki ba, gogewa za ta ɓatar da shi. Idan ya kai ga ƙarfe, a rufe shi da wuri, ko da da ɗan buroshi ne da ɗigon fenti.

Idan tsatsa ta fito, ga matakan da ƙwararren mai fenti yake bi:

1. Wanke wurin da ruwan daɗi don gishiri ya fita. Fenti a kan gishiri ba ya daɗewa.

2. Kankare tsatsa da buroshin waya da samfefa mai kaushi, kamar lamba 80, har farin ƙarfe ya bayyana. A zarce gefen ciwon kaɗan, domin tsatsa tana yaɗuwa a ƙarƙashin fentin da ake gani lafiyayye.

3. Goge wurin da tina don cire maiƙo da ƙura.

4. Shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa a ranar, kada a kwana. A bakin teku, ƙarfen da aka kankare aka bari tsirara yana iya wayar gari da sabuwar tsatsa.

5. Daidaita wurin da samfefa mai laushi, kamar lamba 320 zuwa 600.

6. Fesa mai launi siriri-siriri sau biyu ko uku, ana bari kowane hawa ya sha iska, sannan mai sheƙi.

Kada a yi fenti ana ruwa, ko da sassafe lokacin da raɓa ke kwance, ko a kan ƙarfen da rana ta gasa. Idan ƙarfe ya riga ya ɓule, sai a yanke ruɓaɓɓen a yi waldar sabo, a fente shi ciki da waje. Cusa ƙullun cike rami a kan tsatsa aikin ha'inci ne. Bayan 'yan watanni zai kumbura ya faɗo. Araha ba ta ado.

Mai sayen motar hannu

Yawancin motocin hannu ta teku suke shigowa, ta Legas ko Kwatano ko Lome. Wasu daga ƙasashen sanyi suke, kamar Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, inda ake barbaɗa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara. Wasu kuma ambaliya ce ta taɓa shanye su. Irin waɗannan sukan zo da fenti mai ƙyalli, ƙarƙashi kuwa ya ciwu.

Mai saye ya je da rana, da makanikin da ya yarda da shi. A leƙa ƙarƙashi da tocila. A ɗaga kafet, a duba ramin safaya taya. A bi jikin motar da ɗan mayen ƙarfe. Inda ƙarfe ne zai kama, inda aka cika da ƙullu mai kauri ba zai kama sosai ba. Warin ruma a cikin mota da laka a lungunan kujeru alamar ta taɓa nutsewa ne.

Jiragen ruwa da kwale-kwale

Jirgin da ke aiki a ruwan gishiri yana da abokan gaba biyu da na kogi ba shi da su. Na farko wasu 'yan halittu ne masu ɓawo mai tauri da ke manne wa cikinsa tare da gansakuka. Suna sa jirgi nauyi, gudunsa ya ragu, inji ya ƙara shan mai. Na biyu wata halitta ce mai kama da tsutsa da ke huda katako. Ramin da take shiga ƙarami ne, amma a ciki tana rarake katakon kamar yadda gara take yi wa azara.

Maganinsu shi ne a riƙa jawo jirgi tudu lokaci-lokaci, a kankare cikinsa, a wanke da ruwan daɗi, a bari ya bushe a inuwa. Sannan a toshe tsagogi, a shafa fentin ƙasa, a bi da fentin cikin jirgi na musamman, wanda yake ɗauke da sinadarin jan ƙarfe mai hana halittun mannewa. Akan sabunta shi kamar shekara-shekara. A da akwai wani iri mai guba ƙwarai da ake kira TBT, wanda yake kashe halittun ruwa. Ƙasashen duniya sun amince da yarjejeniyar hana shi a 2001, ta fara aiki a 2008. Kada a saye shi ko da an same shi da araha.

Fenti mai jan ƙarfe bai dace da jirgin alminiyam ba. Idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a ruwan gishiri, ɗaya yana cin ɗaya, kamar abin da ke faruwa a cikin batir. Wannan hali ne kuma aka juya ya zama magani. A jikin injin kwale-kwale da jirgin ƙarfe akan ɗaura wani ɗan dunƙulen ƙarfe na tutiya ko makamancinta. Aikinsa shi ne ruwa ya cinye shi maimakon inji da farfela. Kada a fente shi, domin fenti yana kashe aikinsa. Idan ya cinye rabi a sa sabo.

Injin da ya yi aiki a ruwan gishiri yana son a ɗauraye cikinsa. A tsoma ƙafarsa a durom na ruwan daɗi, a tayar da shi ya yi kamar minti 10, don gishiri ya fita daga hanyoyin da ruwa ke bi ya sanyaya shi. Kada a tayar da shi a bushe. Jirgin faiba ba ya tsatsa, amma rana tana sa fuskarsa ta yi gari. Wanki da gogewa da mai kaki suna gyara shi. Tsaga kuwa a like ta da wuri kafin ruwa ya shiga.

Masuntan Yawuri da Kainji da Tafkin Chadi a ruwan daɗi suke, amma su ma katakonsu yana ruɓewa, ƙusoshi suna tsatsa. Ruwan saman da ya kwanta a cikin kwale-kwale shi ne babban mai ruɓar da katako, don haka a riƙa kwarfe shi. A soka tsinin wuƙa a katako. Inda ya shige da sauƙi ya ruɓe, sai canji. Fenti a kan ruɓaɓɓen katako ɓoye haɗari ne. A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako ya dare a Kogin Kwara kusa da Warra a Jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu. Lodi fiye da kima da raunin jirgi ba sa haɗuwa a wanye lafiya.

Lafiyar mai aiki

Fenti da tina guba ne ga huhu, kuma suna kama wuta. A yi aiki a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da murhu da taba. Mai fesawa ya sa abin rufe hanci mai matata, domin ƙyalle ba ya tare tururin. Wasu tsofaffin fentoci suna da dalma. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kamar yadda aka gani a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta kashe ɗaruruwan yara. Saboda haka a jiƙa wuri kafin a kankare tsohon fenti, a tara ɓarɓashin, kada ya shiga kogi ko tsakar gida. A hana yara zuwa wurin. A wanke hannu kafin cin abinci. Gwangwanin fenti kuma kada ya zama na ɗebo ruwan sha ko zuba hatsi.

Duk abin da aka zayyana, mafi yawansa bai wuce ruwa da soso da sa ido ba. Kuɗin bokitin ruwa da gwangwanin fenti kaɗan ne idan aka gwada da kuɗin walda ko na sabon inji. Direba ko masunci ya sa wa kansa rana a kowane wata, ya zagaya abin hawansa ya duba lungu-lungu, abin da ya gani ya gyara tun yana ƙarami. Rigakafi ya fi magani. Wanda ya karanta wannan bayani, ya karanta wa 'yan'uwansa a tasha da bakin kogi, don su ma su amfana.